Takalmin Kawu Bai Fito Ba

Ni karatuna aji uku ne, na ukun ma rabinsa a bakin rafi na yi shi. Shi ya sa in na ce na yi aikin jarida, mutanen garinmu har gobe sai sun dubi juna. To na yi ɗin. Abin da ban taɓa yi ba shi ne rubuta ko layi ɗaya a cikinta. Da share ofis na shiga, aka ƙara min girma na koma sayo wa manya goro da taba, daga nan aka tura ni ɗakin wanke hotuna ina riƙe wa mai hoton gidan farantin magani. Ranar da basir ya kwantar da shi, aka ce gobara ta tashi a wata kasuwa. Edita ya leƙa kowane ofis bai ga mai ƙafa biyu ba sai ni, ya rataya min kyamara a wuya, ya ce in je, in ban dawo da hoto ba kar in dawo da kaina.

Editan nan wani siririn mutum ne mai tabarau, ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Shi ya koya min aikin, kuma da tsawa ya koya min. In na kawo masa hoton mutane sun jeru sun gyara hula, sai ya wurgo min abina.

"Waɗannan mutane ne ko turakun awaki? Matsa kusa, fuska nake so. Ka kama mutum lokacin da ya manta da kai. Me zan yi da ƙafar mutum a shafin farko?"

Na kuwa koya, don dama tun ina yaro na iya laɓe. Na kama babban mutum yana hamma a taron da shi ya kira. Na kama ɗan kwangila yana lasar yatsa a wajen buɗe rijiyar da ba ruwa. Shekaru na yi a haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsu. Warin maganin wanki ya zauna min a farce, mutane na matsa min a taro suna cewa a bar mai hoto ya wuce. Wani lokaci in sayi ƙosai da safe a naɗe min shi a cikin hoton da na ɗauka shekaranjiya, in tsaya ina nuna wa mai ƙosan, ita kuma tana cewa in matsa akwai mutane a bayana.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ake bin layi a sayi sabulu, a bi wani layin a sayi madara. Takardar buga jarida ta yi tsada, shafuka suka riƙa raguwa kamar tuwon gidan yawa, hotuna ne kuma aka fara cirewa. Wata safiya aka miƙo min takarda a ambulan. Sai da na nemi wanda ya karanta min korata, ya kuma karanta ta da kyau, har da gyaran murya. A lokacin ina da kyamarata ta kaina, kwance na saye ta. Na tattaro mata da yara muka dawo ƙauyenmu, can gaba da Minjibir. A aljihun kwat ɗin da nake zuwa ofis da ita akwai fim guda ɗaya, mai ɗaukar hoto talatin da shida. Ban ce an ba ni shi ba, ban kuma ce na sata ba.

Ƙasarmu gona manne take da gona, gamba ce kawai iyaka. In ka yi atishawa a taka, maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. Rabon da na samu a gonar mahaifinmu siriri ne kamar rawani, amma ya fi ƙarfina. Hannun da ya saba da latsa ɗan maɓalli aka ba shi garma. Huɗata ta riƙa tafiya tana lanƙwasa, masu wucewa kasuwa su tsaya su jingina keke suna kallo, wani ya ce ko rubutun boko nake yi a ƙasa. Da kaka ta zo, jaki ɗaya ya kwashe abin da na noma, bai ko yi nishi ba. Ƙuli-ƙulin matata da man gyaɗarta ne suka riƙe gidan.

Wata rana tana murza tunkuza, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, abin nan da ke rataye a ƙusa, ci yake yi ko sha?"

Na ce, "Ba ya ci, ba ya sha."

"Mu kuwa muna yi. Ko ya fara kawo tuwo, ko a sayar da shi a sayo awaki. Su ko ba komai suna haihuwa."

Na roƙe ta ta bar ni zuwa bikin ɗan Kawu, yayan mahaifiyata, da za a yi bayan an gama sussuka. Na riga na yi wa Kawu tayin ɗaukar hoton bikin, ya amsa. Akwai kuma gidaje uku a ƙauyukan kusa da su ma suke da biki a gaba. Kowanne na je sai a ce, "Bari mu ga na gidan kawunka tukuna." A wajenmu magana ba ta buƙatar mota. In hoton gidan Kawu ya yi kyau, kafin kasuwa ta sake ci kowa ya ji. In ya ɓaci, kafin nan ma an ji. Fim ɗin kuma ɗaya ne. Matata ta ce ta yarda, amma ta fara tambayar farashin awaki tun daga ranar.

Ranar buɗar kai, washegarin da aka kawo amarya, maza suka taru a ƙofar gidan Kawu, ƙarƙashin tsamiya. Shekarar kowa a matse yake, amma da aka ji za a ɗauki hoto sai ga gari ya fito da abin da yake da shi da wanda ya aro. Telan garin ya wanke kekensa har da toka, ya ɗaura masa furen roba. Liman ya zo da laima, alhali a inuwa muke. Wani ya rungumo rediyo ba batir. Kawu kuwa ya fito da rigarsa ta shuni daga ƙasan adaka, a ƙafarsa ga takalmi sau-ciki baƙi yana ƙyalli. Aro ya yi a Minjibir, wajen wani tsohon malamin gona, kuma ya yi masa kaɗan. Sai da aka shafa masa man gyaɗa a dunduniya ya shiga. Tafiya yake kamar mai taka ƙaya, yana yi yana murmushin dole.

Suka jeru jikin katanga, kowa ya ƙame, ya haɗiye dariyarsa, ya zuba min ido. Ina ganinsu sai na ji muryar edita a kunnena.

Na ce, "Ku zauna ku yi hirarku, sai na gyara inji."

Suka zauna, aka fara raba goro, aka shiga tsokanar ango. Ni kuma na shiga aikin da na iya. In durƙusa nan, in laɓe bayan tsamiya can, in matso har ina jin numfashin mutum, ƙyas. Kafin a gama shan fura na ɗauki ashirin da huɗu.

Kawu ya kira ni. "Kai ɗan nan, yaushe za a fara ne? Ƙafar nan fa ta kusa fita daga hannuna."

"Ai an gama, Kawu."

Ya dube ni, ya dubi kyamarar, ya ce to, ilimin zamani. Nan take ya sa aka taya shi zare takalmin, dunduniya duk ta yi bororo, ya miƙe ƙafafu yana hamdala. Da yamma aka mayar wa mai shi.

Na nufi cikin gida da sauran goma sha biyun. Gidan nan a cikinsa na yi rarrafe, amma ina sa ƙafa a zaure na biyu na tarar da gwaggon amarya ta cika ƙofa. Wata ƙatuwar mace ce da ke aure a Shanono, ita ta jagoranci jere.

"Ina zuwa, ɗan birni?"

"Hoton amarya, Gwaggo."

"Da matan mutane cike da tsakar gida ba mayafi? A birnin haka ake yi?"

"Ai ni ɗan gida ne."

"Jiya kai ɗan gida ne, gobe ma haka. Yau ƙato ne kai. Koma."

Na yi magiya, na ce ido ɗaya ma nake rufewa in zan ɗauka. Ta ce ɗayan ne matsalar. Da na ga ba ci gaba, sai na ce a kira min matata. Ta fito da sabon ƙunshi a hannu da ƙafa, na ja ta bayan rumbu. Na saita kyamarar yadda in dai a rana ne ko waye ya latsa za ta fito, na ɗaura mata filas, fitilar nan mai walƙiya, da batiran da na cire daga rediyona saboda ɗakin amarya.

"Nan za ki sa ido. Ki rufe ɗayan."

"In na rufe da me zan ga mutane?"

"Da wanda ya rage. Ki latsa nan, ki ja wannan, ki sake latsawa. Ki matsa kusa da su sosai, fuska kawai. Kar ki bari su shirya."

Ta ce, "To."

Na san wannan "to" ɗin nata. Shi take ce min in na ce a rage barkono.

Na zauna a zaure kamar mai jiran haihuwa. Ina jin shewa, ina jin muryarta tana cewa wance ta gyara, wance ta matso, sai a yi shiru mai tsawo, sannan ƙyas. Hoto goma sha biyu ta kai la'asar tana ɗauka. Da ta miƙo min kyamarar har da ɗan tabon lalle a jikin igiyar.

Na hau kiya-kiya zuwa Kano, wajen wani tsohon abokin aikina da ya buɗe ɗan shagon wanki. Ya bar ni na shiga na wanke da hannuna. Wanda bai taɓa tsayawa a jar fitilar nan yana kallon fuska tana tasowa daga farar takarda ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Fuskar Kawu ce ta fara tasowa. Ya tuntsire da dariya, goro a kumatu, giɓinsa a waje, hasken da ya ratso ganyen tsamiya ya sauka a gemunsa. Wallahi har yau ban ɗauki hoton da ya kai shi ba. Liman na kama shi yana sosa ƙeya da ƙotar laima. Tela ya buɗe baki zai jefa gyaɗa. Abokina ya leƙo ya ce da edita zai gani da ya yi kuka.

Sai na matata suka fito. Mata a jere daga nesa, a sandare, kowace ta miƙo tafin hannu gaba, ta ɗan ɗage zani ƙafa ta fito. Babu mai dariya. Na ɗakin amarya kuwa ita amaryar 'yar mitsitsiya ce a gefen gado, sauran duk kwalla ce da langa da samira tun daga ƙasa har rufi. Na girgiza kai, na sa su a ƙarshen ambulan, na ce Allah ya sa kyan nawa ya rufe munin nata.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na kai su ƙarƙashin tsamiyar. An taru fiye da ranar bikin, har da mutanen gidajen nan uku. Na ciro na matan na ba da a shiga da su ciki, na miƙa wa Kawu nasa da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallo. Ya nisanta shi, ya matso da shi, ya juya bayansa.

"Wannan waye?"

"Kai ne, Kawu."

"Na ga kaina. Ina saurana?"

"Ai fuskar ita ce..."

"Ina takalmin?"

Ya miƙo ƙafarsa gabana.

"Ɗan nan, ranar tun hantsi nake cikin azabar takalmin nan. Kwana uku da ruwan zafi nake alwala. Fuskar nan kullum da ita nake yawo, kowa ya san ta, ba aro na yi ba. Ita ka je har Kano ka wanko min? Har da giɓi?"

Tela ya karɓi nasa ya duba. "Ni kekena ko ƙararrawa ba ta fito ba. Sai baki kamar na kwaɗo."

Liman ya karɓi nasa. Ya dubi kansa yana susa, ya ninke hoton biyu ya sa a aljihu, ya ce Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ango ya ce shi ai ko kallon kyamarar ba ya yi a nasa, wanda ya gani zai ce dole aka yi masa. Mutanen gidajen nan uku suka fara neman takalmansu. Ni kuma a zuciyata na fara tunanin inda zan kafa turke.

Sai guɗa ta tashi daga cikin gida. Aka yi ta, aka sake. Can sai ga gwaggon amarya ta leƙo daga zaure, ta dawo ganin ɗaki ashe, hoto a hannunta.

"Ina mai hoton nan? Kai, Allah ya yi maka albarka. Ko murfi ɗaya bai ɓata ba. Duk wadda ta ce ba mu yi wa 'yarmu kaya ba a shekarar nan, ga shi sai ta gani da idonta. Ƙunshin kowa ya fito, har na tsohuwar gidan."

Kawu ya ce a miƙo masa na tsohuwar gidan, wato Inna, matarsa. Aka kawo. Ga Inna a tsaye ita kaɗai tun daga ɗaurin ɗankwali har yatsun ƙafa, lalle ya kama baƙi ƙirin, fuska a ɗaure kamar za ta yanke hukunci. Kawu ya sa yatsa a kan ƙafafun.

"Ita ga ta nan dukkanta. Wa ya ɗauki wannan?"

Na ce, "Ni na saita inji."

"Ban tambaye ka saiti ba."

Gwaggo ta ce, "Matarsa ce. Kowace sai ta tambaye ta me take so ya fito, sannan ta yi ta ja da baya har sai ya fito."

Aka yi dariyar da har yau in na tuna sai na ji zafi a kunne. Tela ya ce ashe shekarun nan matar ce ke zuwa ofis. Na buɗe baki zan yi bayanin haske da inuwa, Kawu ya ɗaga min hannu.

"Za a sake. Kai za ka je Minjibir ka aro takalmin, don ni na ji kunyar mutumin nan. Kuma ita za ta tsaya a kanka."

Mutanen gidajen nan uku suka ce to, za su ƙara jira.

Fim ya ƙare, sai na kai kwat ɗina wajen 'yan gwanjo na sayo wani. Ban yi kewarta ba sosai, dama ta fara cin wuya. Na ari keken tela, bayan na yi masa alkawarin zai fito har da furensa, na je na yi wa malamin gona bayani. Shi ma sai da ya gama dariyarsa ya ba ni, a cikin leda, ya ce a gaida mai ɗakina.

Ranar da aka sake, an shafa wa Kawu man gyaɗa a kan tsohon ciwo, ya cije ya tura ƙafa. Ya tsaya jikin katanga, ya gyara hannun riga, ya ɗaure fuska. Matata ba ta fito cikin maza ba. Tana bayan zanan da ya kewaye rumbuna, ta buɗa 'yar kafa tana leƙe. Na ɗaga kyamara, ƙafata da kanta ta fara matsawa gaba.

"Malam, baya."

Na ja.

"Ƙara. Kana ganin ƙasan takalmin?"

"Ina gani."

"Ka bar masa 'yar ƙasa a gabansa, kar ya zama kamar a rataye yake. Ka tambaye shi ya shirya."

Ni da na yi shekaru ina satar fuskokin manya, na sauke kyamara na ce, "Kawu, ka shirya?"

Ya ja numfashi, ya turo ƙafar dama gaba kaɗan. "Yanzu ɗauka."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Tela da kekensa, Liman da laimarsa a buɗe, mai rediyo ya ɗora ta a kafaɗa. Kowa na tambaye shi, kowa ya faɗa min, ana yi ana gyara min daga bayan zana. A idona a lokacin hotunan nan ba su da rai ko kaɗan. Sai daga baya, da na riƙa shiga zaurukan mutane ina ganinsu a manne a bango, wasu masu su sun daɗe a ƙasa, jikoki na nuna min suna cewa ka ga kakanmu da kekensa, na rage yi musu kallon raini. Ban daina ba gaba ɗaya. Na Kawu mai giɓin nan yana wajena, shi kuwa bai sake tambayarsa ba.

Sabon hoton, Kawu ya sa shi a aljihun gaba ya tafi da shi kasuwa, duk wanda suka gaisa sai ya gani. Gidajen nan uku suka aiko. Matata ta daina zancen awaki, ta koma zancen in saya mata jaka mai igiya irin tawa. Shekara da shekaru muka yi muna zaga ƙauyukan nan a kan keke, tana baya ta rungume jakar, gero ya rufe mu hagu da dama in damina ce, in rani ne muna hango garin da za mu tun daga nesa. Ni in tsaya wajen maza, ita ta shige ciki, a sallamo ta da alkaki da nakiya a ƙullin gyale, ta ba ni wanda ya karye. Allah ya jiƙanta, ta iya raba abu.

Amma aikin farko da ya zo mana daga nesa shi ne na wani dattijo daga wajen Bagwai, wanda ya ga hoton jeren nan a hannun gwaggo. Ya yi sallama da hantsi, na fito na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Na fara ba shi labarin manyan da na ɗauka a birni, ya saurara da haƙuri har na kai aya. Sannan ya ce 'yarsa zai aurar sati mai zuwa, ya zo ne ya ji ko mai ɗakina tana da sarari ranar Lahadi.

Na ce, "Ni fa, Alhaji?"

Ya ce, "Ai dole ka zo. Wa zai tuƙo ta?"

Na ce ya ɗan jira ni, na shiga ciki in tambayo ta.